Gefen Alhaji Kolo a Akushi

A Unguwar Marke, can gefen hanyar Bagwai, ba a yin maganar ƙiba a tsallake Alhaji Kolo. Dillalin hatsi ne a Dawanau. Kakansa ne ya taso daga Barno, amma shi ko gaisuwa bai iya da Barbarci ba, sai dai sunan da ya maƙale masa. In ya hau babur ɗin haya, sai ka ji babur na kuka kamar an yi masa rasuwa. Matarsa Huseina kuwa da wannan tumbin take taƙama. In mata na yabon mazajensu a gidan biki, ita shiru take yi, tunda shaidar girkinta na yawo a gari kowa na gani.

Shekara ashirin da bakwai ke nan, kullum bayan sallar magariba, ana shimfiɗa tabarma a ƙofar zauren Malam Tahir, limamin unguwa, a yi ciyayya. Su biyar ne. Kowa a kawo tuwo daga gidansa, a jera, a jawo akushi ɗaya a tsakiya a cinye, sannan a jawo na gaba. Kowa da mazauninsa, kuma Alhaji Kolo kullum yana hannun daman Malam, don tare suka yi ƙuruciya, tare suka sha bulalar malami guda. Ƙa'idar wurin ba a rubuce take ba, amma kowa ya san ta: ba a tsallake akushin kowa. Wanda ya janye hannu daga tuwon gidanka, to akwai magana a ransa.

Bara da kaka kututturen kara ya soki Alhaji a babban yatsan ƙafa. Abu kamar wasa, wata biyu ciwo bai kame ba. Ga wata ƙishirwa da ko randa ya shanye ba ta tafiya, ga yawan fitsari har alwala ba ta kai masa daga azahar zuwa la'asar. Huseina ta yi ta mita har ya yarda suka tafi asibiti a birni.

Likitar yarinya ce, sa'ar 'yarsa ta biyu. Ta duba takardar gwaji, ta dubi tumbin, ta dubi ƙafar.

"Baba, ciwon suga ne, kuma ya hau sosai. Zan ba ka magani, amma shi kaɗai ba zai yi ba. Tuwo, fura, shinkafa, burodi, shayi mai sukari, lemon kwalba, duk ka ja baya da su. Ka riƙe ganye, ƙwai, kifi, nama, gyaɗa, da wake kaɗan. Kuma jikin nan sai ya ragu."

"To 'yata, ai kin lissafa abinci kaf kin hana, kin bar ni da mahaɗi."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "In ciwon nan ya ci gaba, yatsan za a cire. Wataƙila ma abin ya wuce yatsa."

A mota, kan hanyar komawa, Alhaji ya zuba wa gonaki ido ta taga. Dama da hagu dawa ce a tsaye ta sunkuyar da kai, an fara yanka, ana ɗaure dammuna. Tun yana yaro abin da ya sani shi ne, gidan da ke da rumbu cike shi ne gidan lafiya. Da dawar nan ya yi aure, da ita ya je Makka, da ita ya aurar da 'ya'ya. Mutanen da yake zama da su kuwa duk manoma ne, Malam Tahir har yau da hannunsa yake noman gonar da ya gada. Ta wane baki zai dubi Malam ya ce masa, abin da ka sha rana ka noma, matarka ta surfa ta tuƙa, shi ne zai cinye mini ƙafa? Ya juya maganar ta kowane gefe, ko'ina zagi take zama.

Da suka sauka ya ce wa Huseina, "Maganar nan daga ni sai ke."

"Alhaji, a garin nan?"

"A garin nan."

Ta kuwa riƙe. Wannan kam a yaba mata, don an yi ta bugun cikinta a gidan suna har sau uku ba ta furta ba.

Sai aka shiga sabon tsari a gidan. Da safe dafaffen ƙwai biyu da shayi babu sukari, yana sha yana yamutsa fuska kamar mai shan maɗaci. Da rana kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli, wani lokaci kifi busasshe a miyar kuɓewa, a sha da cokali babu tuwo. Mutum mai shago cike da buhunan gero har rufi, ga shi a ɗaka an sakaya ƙofa yana cin abin da mata ke ci a tsakar gida don kwaɗayi. Makon farko jiri ya riƙa ɗibarsa, ya zama mai faɗa, har akuyar gidan sai da ya zaga. Daga baya jikin ya saba.

Wahalar tana wurin ciyayya. Kafin magariba sai ya cika cikinsa da ganye a gida, sannan ya fita. In an jawo akushi, ya gutsuri loma ƙarama kamar ta mai yaye, ya tsoma a miya, ya tsotse, ya daɗe yana juya ta a hannu. Sai ya ɓalle da labarin kasuwa, shi da a da ba ya magana in yana ci. Tuwon masara da na gero na sauran gidajen yana da laushi, in an ci sai ya zube ya haɗe, ba a gane wa ya ci wa bai ci ba. Amma Maimunat, matar Malam, tuwon dawa take yi mai tauri, irin wanda in ka yanka yake tsayawa. Kowa ya haƙa gefensa, sai gefe ɗaya ya rage a tsaye kamar katanga.

Haka akushin yake koma mata kullum. Ita kuwa ta san inda kowa yake zama, tunda akushin yana da tsaga a baki, kuma Malam kullum tsagar yake juyowa gabansa. Katangar tana dama da tsaga. Ba ta buƙaci mai duba ba.

Da fari ta ɗauka gishiri ne, ta rage. Ta sake daddawa. Ta sa man shanu har Malam ya ce ko Sallah aka yi. Katanga na nan. Ranar nan ta zauna a bakin murhu ta yi kuka, kuma maƙwabciyarta ta ji ta kan katanga, shi ke nan magana ta fita.

A wata na huɗu Alhaji ya zube. Ciwon yatsa ya kame, ya daina haki in ya tashi daga sujada, likita ta duba ta ce a ci gaba a haka. Amma babbar rigarsa ta koma kamar an rataya ta a ƙusa, wuyansa ya fito, hula ta fara sauko masa kan kunne. Gari kuwa ya kasu. Masu cewa kasuwa ce ta karye masa suna nan. Masu cewa Huseina ce ta daina kula da shi suna nan, kuma wannan ta fi yi mata ciwo. Tasi'u, Bafillatanin da ke zama a ƙarshen tabarma, wanda wasan Fulani da Barebari ya ba shi lasisin faɗin abin da ya ga dama, ya dube shi ran nan ya ce, "Babarbare, ina ka kai sauranka? Ko jingina ka bayar a Dawanau?"

Aka yi dariya, har da Alhaji. Malam Tahir ne kaɗai bai yi ba.

Don maganar da ta fi kowace muni ta riga ta iso kunnensa: wai Alhaji Kolo ya je an duba masa, an ce ana zuba masa wani abu a abinci, shi ya sa yake tsoron tuwon gidan liman. Malam bai tambaye shi ba. Gaisuwarsu dai ta gajarce. In an idar da sallar asuba, maimakon su tsaya a gindin marke su taɓa hira kamar da, sai Malam ya ce yana da karatu, ya shige. Alhaji yana gani, amma kullum sai ya ce gobe zai san yadda zai yi.

Wata Alhamis da hantsi, Alhaji na zaune a zaurensa, sai ga sallamar Malam. Shi da kansa, riƙe da ƙwarya an rufe da faifai. Rabon da ya tako gidan tun sunan jikan Alhaji.

Ya zauna, ya ajiye ƙwaryar tsakaninsu, ya buɗe. Fura ce damammiya da nono, ta yi duhu-duhu, ƙamshin zuma na tashi.

"Kwana uku ina rubuta maka," in ji Malam. "Allo bakwai, ayoyin neman waraka. Na ga jikinka, na ce ko ma mene ne ke cin ka, ba zan zuba ido ba. Na san ba ka son ɗacin tawada tun muna yara, shi ya sa na ce a dama da fura, a sa zuma." Ya dubi ƙwaryar. "Da hannuna na wanke. Damun ma a gabana aka yi, ban matsa ba. In wannan ne damuwarka."

Alhaji ya ɗauki ƙwaryar da hannu biyu. Wata huɗu rabonsa da fura, yawu ya cika masa baki. Ya san in ya kafa kai ya shanye, magana ta mutu a nan, Malam zai tashi da farin ciki. Kwana ɗaya ba zai cire masa yatsa ba. Amma ya san Malam. Wanda ya rubuta allo bakwai yau, gobe ma zai rubuta, da jibi, har sai ya ga tumbi ya dawo. In kuma ya ajiye bai sha ba, ba tuwon Maimunat ya ƙi ba wannan karon, rubutun Malam ya ƙi, kuma babu abin da zai gyara wannan.

Ya sauke ƙwaryar a hankali. Ya tuɓe takalmi, ya miƙe ƙafar, ya nuna tabon.

"Malam, suga gare ni. Likita ta ce ko in bar tuwo da fura, ko in bar ƙafar nan a asibiti. Ba tuwon gidanka kaɗai ba, har na gidana rabona da shi tun kaka. Ganye nake ci a ɗaka kamar akuya."

Malam ya daɗe yana kallon yatsan.

"Tun kaka."

"Tun kaka."

"Kai yanzu, Kolo," ya kira shi da sunan da rabon da ya faɗa tun kafin a je Makka, "ciwo ne abin ɓoyo? Sata ka yi?"

"Kunya na ji. Dawarka ce, kai ka noma. In ce maka ita ke cutar da ni?"

"Dawa 'yata ce da za ka zage ta in ji haushi? Wata huɗu baiwar Allahn nan tana sake miya. Daddawa kala uku ta saya. Ni kuma ina zaune kusa da kai ina tunanin me na yi maka, har na fara tuno faɗan da muka yi kan iyakar gona shekara ashirin da suka wuce."

"Wannan ai kai ke da gaskiya."

"Na sani. Ba shi na zo ji ba."

Daga cikin gida ana jin Huseina na jan turmi, a hankali ƙwarai, irin jan wanda kunnensa ke zaure.

Ƙwarya dai na nan tsakaninsu, kuma rubutu ba a zubar da shi. Malam ya dube ta, ya yi tsaki ƙasa-ƙasa, ya yi bisimilla, ya kafa kai. Sai da ya sha rabi ya sauke, ya goge gemu.

"Zumar ma ta yi yawa. Sauran a kai wa Hajiya Huseina, ita ma ta sha wahalarka." Ya gyara zama. "Gobe zan rubuta wani, da ruwan rijiya zalla. Ka sha ɗacinsa, kai ka jawo. Maganin likita kuma kar ka fasa."

"Na gode, Malam."

"Ban gama ba. Mutanen tabarma kai za ka gaya musu, ni ba zan ari bakinka ba. Tasi'u zai yi wata guda yana kiranka ɗan akuya, ka haƙura."

"Zan iya da Tasi'u."

"Sai Maimunat." Malam ya miƙe, ya ɗauki faifansa. "Ita ba aike za ka yi mata ba, ba kuma Hajiya za ka tura ba. Ka zo ka tsaya a bakin zaure, tana daga ciki, ka faɗa mata da bakinka cewa tuwonta ba shi da laifi."

Alhaji ya ce, "To, da la'asar in sha Allahu."

"Yanzu take gida. Da la'asar tana tuƙi, kuma ba na son ta sake tuƙa wani da wannan abin a ranta."

Alhaji Kolo ya jawo takalminsa ya saka, ya tattare rigar da ta yi masa yawa ya saɓa a kafaɗa, ya bi bayan Malam.