Gayya a Filin Malama Palupi

Binciken shekara uku da Retno Palupi ke yi ya lalace a safiya guda, kuma mutum sittin masu ƙaunarta ne suka lalata shi. Abin ya faru ranar Lahadi, kwana huɗu bayan ƙaramar Sallah, a Karangmulya, ƙauyen masunta da ke gaɓar arewacin tsibirin Jawa. Ita tana can gida wajen iyayenta.

Palupi ɗalibar digiri na uku ce. Filaye biyu ta kewaye da turakun gora a taɓon bakin teku. Ɗaya ta dasa masa bakau, itacen da ke rayuwa cikin ruwan gishiri yana hana teku cin ƙasa. Ɗayan ta bar shi haka nan, don ta ga ko ruwa zai kawo iri da kansa. In babu wannan fili na biyu, ba ta da abin kwatantawa, ba ta da digiri. Duk wata takan shiga taɓo har cinya ta auna tsirran da suka fito don kansu. Kafin tafiyarta sun kai ɗari biyu da sha ɗaya.

Ranar da ta dawo, dagacin ƙauyen, Pak Darmaji, shi ya raka ta bakin teku da kansa, mata na biye da shinkafa da gasasshen kifi. Ruwa ya janye. Filin da ta bari ya cika da sabon dashe, layi-layi.

"To, Malama, ki yi magana mana!" in ji shi. "Shekara uku muna kallon ki kina fama, ɗaya ya cika, ɗaya ya gagare ki. Ga ki mace, ga ki baƙuwa. Ai abin kunyarmu ne."

"Baba, ba ku ga allon da na kafa ba? An rubuta kada a taɓa."

"Wannan ai na mutanen waje ne. Mu kuwa 'yan gida ne."

Ta tambayi inda ƙananan tsirran da ke wurin a da suke. Mbah Sukinah, tsohuwar da take haya a gidanta, ta ɗaga hannuwa, duk sun yi kanta.

"Waɗannan ciyayin da ba sa kan layi? Ni na tumɓuke su, 'yar nan, ko ɗaya ban bari ba. Darmaji yana tsaye a tudu yana nuni da sanda, ko wandonsa bai jiƙe ba."

"Wani ai sai ya duba layi, Iya!" in ji Pak Darmaji.

Aka yi dariya. Palupi ta ci kifin, ta yi godiya sau biyu, domin ana kallon bakinta.

Washegari ta je ta roƙi a bar ta ta cire dashen ta sake farawa. Pak Darmaji ya buɗe durowa ya fito da dokar ƙauye: duk wanda ya cire bakau ɗaya zai dasa goma. Ya nuna mata shafin ƙarshe, inda sunanta yake a matsayin wadda ta tsara dokar bara.

Dashen guda dubu ɗaya da ɗari biyu ne. Majalisar ƙauye ta sa zama ranar Alhamis don duba roƙonta. Malaminta na jami'a bai amsa saƙonta ba tukuna.