Layi Biyu a Gefen Gona

Ranar Laraba abin ya fara, da hantsi, ana yayyafin nan da ba ya jiƙa ƙasa sai dai ya ɓata wa mutum riga. Auta ya jingine babur ɗinsa na haya a ƙarƙashin rumfar bayan otal yana jiran a ɗauke. Kukun otal ɗin, wani mai tumbi da Auta yake yawan kaiwa kasuwa, ya leƙo daga kicin ya miƙo masa guntun dafaffiyar masara a faranti.

"Ci ka ba ni labari, Sarkin Gudu."

Auta ya gatsa, ya tsaya da tauna. Ƙwayar fashewa take yi a baki, ga zaƙi kamar an jiƙa ta a ruwan rake.

"Sukari ka zuba?"

"Haka Allah ya yi ta. Daga waje ake kawo mana ita a daskare, baƙi na ta mita wai sabuwa suke so."

Kuku ya ciro waya ya dinga nuna masa hotunan masarar. Wata ƙasa ana gasa ta a shafe da barkono da lemon tsami, wata ana zuba ƙwayarta a kofi da bota ana ci da cokali a bakin titi, wasu a miya, wasu har a askirim. Ya ce duk wanda ya noma ta a nan kusa, ko nawa ya kawo zai karɓa.

Auta ya bar makaranta tun a aji uku. Ya taɓa ɗinki, ya taɓa gyaran waya, kowanne bai rufa shekara ba. Don haka da ya je wa Baba da maganar noman masarar, tsohon bai ma ɗago daga ƙotar fartanyar da yake gyarawa ba.

"Yanzu kuma noma ne ya ciwo ka?"

Akwai wata siririyar gona a bayan gida wadda mijin Yaya ya daɗe yana zawarci. Baba ya ce, a gaban surukin nasa: "Damina ɗaya. In ta yi, gona taka ce. In ba ta yi ba, ga mai jira nan."

Auta ya sayar da babur ya sayo iri da taki. Da ya zazzage irin a tafin hannu, duk a yamushe yake, Baba ya yi dariya har da tari, ya ce wannan ko ɓera ya gani zai wuce.

Amma Baba mutum ne da ba ya cewa sannu da baki, da fartanya yake faɗa. Tun tasowarsa ba ya barin gefen gona tsirara. Sai ya zagaye ta da layi biyu na tsohon irinsa na masara, don akuya da mai dogon hannu su tsaya a nan, kada su shiga ciki. Washegarin shuka Auta ya fito ya tarar da shi a duƙe, da gwiwarsa mai ciwo, ya kusa gama zagayen. Auta ya koma gida ya ɗebo masa ruwa.

Damina ta yi kyau. Auta, wanda ko a kan benci ba ya iya zama, ya zama kullum yana gona. Masara ta yi goyo, gemu ya fito. Ta Baba ta fi tsayi, tana kallon tasa daga sama, kuma in iska ta kaɗa sai wani gari rawaya ya dinga zubowa daga furenta. Yakan kakkaɓe shi daga kafaɗa ya ci gaba da cire ciyawa.

Da ta nuna, Kuku ya zo da kansa, da buhuna a bayan mota. Ya karya guda, ya ɓare. Ƙwayoyin sun fito a gauraye, wata fara, wata rawaya. Ya gatsa ɗanya, ya tauna, ya tofar. Ya shiga tsakiya ya karya wata, ya je can ƙarshe ya karya wata. Sannan ya ɗaga kai ya dubi dogayen karan da ke gefe.

"Wa ya shuka wancan?"

"Ni ne," in ji Baba, yana murmushi. "Ko akuya ɗaya ba ta shiga ba."

Kuku ya goge baki da bayan hannu.

"Baba, ai da akuyar ce da sauƙi. Wannan masarar ba ta zama kusa da wata. Garin furen taku ya sauka a gemunta, duk ƙwayar da ya taɓa ta koma irin taku. Mai shagon iri bai faɗa muku ba?"

"Masara dai ai masara ce, ɗana."

"A bakin baƙona ba haka ba ne. Ya tauna biyu masu zaƙi, ta uku gari, faranti zai dawo mini."

Auta ya ce a sake dubawa, ko da rabin buhu ne. Kuku ya ce gonar siririya ce, ba ta da tsakiyar da za ta tsira. Ya fara naɗe buhunansa.

A nan Auta ya juya ya dubi mahaifinsa, a gaban baƙo, ya ce: "Wa ya aike ka?"

Baba ya daɗe yana kallon ƙasa.

"Babu," ya ce. Ya ɗauki sandarsa ya nufi gida.

Auta ya kai wa masu gasawa a bakin titi. Suka ce goyon ƙanana ne, kuma wasu ƙwayoyin ƙonewa suke kafin sauran su gasu. Ya shanya ragowar ko za a samu gari, rabi ya yamushe, ruwa ya bi ta kai ya yi funfuna. Layi biyun Baba kuwa suka ba da goyo manya-manya. Inna ta ɗaure su ta rataye a bayan ɗaki, inda ba za a riƙa gani ba.

Ba wanda ya sake ɗaga maganar gona. Mijin Yaya ya zo wata safiya da leburori suka sassabe karan. Auta ya durƙusa sau biyu a ƙofar ɗakin Baba, sau biyun Baba ya ce ba komai, Allah ya yi albarka, bai kuma dube shi ba.

Abin da ya tafi: babur ɗaya, damina ɗaya, gona ɗaya, buhun taki uku, da kwanon da shi da Baba suke sa hannu tare tun yana yaro. Yanzu Inna kwano biyu take zubawa.