Kibiya Ba Dafi

Shekarar da hukumar Japanawa ta hana mu ƙabilar Ainu harbi da kibiya mai dafi, ni kaɗai na yi ta kumfar baki a ƙauyenmu. Ban daɗe da dawowa daga makaranta a Sapporo ba, don haka ni na fassara wa dattawa maganar jami'in. Da ya hau dokinsa ya tafi, dattawa suka bi shi da kallo. Can sai Kawu Ikasuy, ƙanin mahaifiyata, ya miƙe ƙafa ya ce:

"Doka ce, ta zo, za ta wuce. Wa ke da taba?"

Ba ta wuce ba. Kafin kaka aka bi gida-gida aka kwashe duk ƙullin dafin da ke rataye saman murhu, aka ce za a ba mu aron bindigogi. Bindigogin suka tsaya a ƙauyukan bakin teku, ko ɗaya ba ta hau kogin Saru ta iso wurinmu ba.

Kibiyarmu tsininta na gora ne, bai kai ɗan yatsa ba, da ɗan rami inda ake cusa dafin. Ba ita ke kisa ba, saƙo kawai take kaiwa. Ko a cinya ta sami barewa, kafin a gama shan lofe ta faɗi. Aikin maharbi shi ne ya bi ta da gudu, ya yanke naman da ke kewaye da raunin ya binne, tun dafin bai ratsa jiki ba. To an ɗauke dafi, me ya rage? Tsinke.

Na faɗa musu haka. Na ce mu tara tsofaffin laujuna mu ƙera tsini mai faɗi da kaifi, mu kafa buhun ciyawa mu koyi saka kibiya bayan ƙafar gaba, inda huhu yake. Na faɗa a gidan mai gari, na faɗa a bakin kogi, har maƙogwarona ya bushe.

"Ɗan Sapporo," in ji Kawu, "kai da ko kurege ba ka taɓa kashewa ba, kai za ka koya wa Tekunkur harbi? Je ka harbi buhunka, in ya mutu ka kawo mana hanta."

Aka kwashe da dariya. Tekunkur mahaifina ne. Shi bai yi dariya ba, juya kibiya kawai yake yi a hannunsa.

"Aripe," ya ce, "da wannan ubana ya ciyar da ni. Da ita na ciyar da kai."

Nan maganar ta mutu, kamar yadda kowace magana ke mutuwa a ƙauyenmu.

Sanyin shekarar ya zo da mugunta. Ƙanƙara ta binne ciyawar gora da barewa ke ci, garke-garke suka mutu ko suka gudu. Busasshen kifinmu ya ƙare. A cikin wannan hali Yaya Sinomat ta haihu, mijinta kuwa yana can wurin kamun kifin Japanawa a bakin teku, ba a bar shi ya dawo ba. Mu ba ma raɗa wa jariri suna sai ya taka ƙasa. Kafin nan sunan ƙyama ake kiransa da shi, don ciwo ya ji ya kauce. Namu muna ce masa Ɗan Juji.

Nonon Yaya ya ƙafe. Kunun saiwar daji take sha, ruwa ya fi gari yawa. Tsohuwa Kesno, maƙwabciyarmu da ta karɓi haihuwar, ta matsa nonon, ta dubi Baba.

"Romon nama take so, Tekunkur. In ba haka ba, yaron nan ba zai kai mako ba."

Kukan Ɗan Juji ya riga ya koma kamar na ɗan kyanwa.

Da gari ya waye Baba ya durƙusa gaban murhu ya yi wa Kakar Wuta, abar bautarmu mai tsaron gida, magana a hankali, ya rataya kwari da baka. Kawu ya biyo mu, wai don ɗaukar kaya. Muka ɗaura takalman ƙanƙara muka hau kwarin da ke bayan ƙauye. Ba mu da kare, na ƙarshe yunwa ta kashe shi.

Da hantsi muka hango barewa. Mace ce, ita kaɗai, ramammiya, tana ɓare ɓawon itace. Baba ya laɓaɓa ta ƙarƙashin iska, tsoho amma ko reshe bai motsa ba. Ya ja baka ya saki. Na ga kibiyar ta shige ta tsakiyar ciki. Barewar ta gantsare baya, ta yi tsalle, ta nufi gangare ba da wani gudu ba.

"Ta samu!" Kawu ya yi ihu. "Ɗan Sapporo, ka gani? Ina buhunka?"

Baba tuni ya zare wuƙa ya bi sawu.

Inda ta tsaya muka tarar da farin gashin ciki da ɗigon jini baƙi-baƙi. Na shafo shi na shinshina. Warin tumbi ne, har da ɗan koren abin da ta tauna. Muka ci gaba kaɗan, sai ga ta ta zabura daga gindin wani itace. Wurin da ta kwanta ya lotsa, jini ya narka ƙanƙarar.

Na riƙe hannun rigar Baba.

"Baba, tsaya. Dubi, kwanciya ta yi. Ba nisa ta zo ba ta kwanta, ciwon ya ci ta. In mun ƙyale ta, za ta sake kwanciya nan kusa, jiki ya sandare, ta kasa tashi. Mu muka tayar da ita."

"Sake ni. Nama zai lalace."

"Me zai lalata shi?"

"Dafi ba ya jiran..."

"Wane dafi, Baba?"

Ya dube ni, ya dubi sama. Gajimare ya fara haɗuwa ta yamma.

"Ƙanƙara na tafe. In ta rufe sawu fa? In dila ya riga mu fa? Ni ban taɓa harbin dabba na zauna ba. Wanda ya harbi barewa ya bar ta da ciwo, kuka take komawa da shi wurin Mai Barewa na sama, shi kuma ya ɗaure bakin jakar da yake sako su daga ciki, ba ya sake sako mana ko ɗaya."

"Ai ya riga ya ɗaure! Mu zauna kawai, zuwa rana ta karkata."

"Ka ji ilimi," in ji Kawu. "A harbi nama, a zauna a yi hira, shi zai kawo kansa tukunya. Wannan a wane aji aka koya muku?"

"Kawu, ba da kai nake ba."

"Da wa kake, da itace?"

Baba ya fizge hannunsa ya wuce. Na bi su, don ba yadda zan yi.

Abin da ya biyo baya ba farauta ba ne, kora ce. Mu hango makwancinta, ta tashi. Mu sake cim mata, ta sake tashi. Kowane makwanci jininsa bai kai na baya ba, don raunin ƙarami ne, kitse da gashi sun toshe shi. Ta haura tudu, ta gangara, ta bi ta cikin rafin da bai daskare ba, muka ɓata lokaci muna neman inda ta fito. Wani wuri ɗigo ɗaya kawai za ka gani a kan ganye, sai ka durƙusa. Muka tsinci karan kibiyar a cikin sarƙaƙiya, tsinin ya zauna a cikinta. Kawu ya daina ba'a. Numfashin Baba ya koma kamar zuga-zugi.

"Baba, don girman Kakar Wuta, mu tsaya."

"Yanzu kam ta gaji. Bayan tudun nan za ta faɗi."

Haka ya ce a kowane tudu. Rana ta faɗi muna nesa da gida fiye da inda na taɓa zuwa a dajin nan. Muka kwana gindin itace, ƙanƙarar da ya ji tsoro kuwa ɗan yayyafi kawai ta yi.

Da safe ba mu yi tafiyar kirki ba sai muka ji hankaki. Tana kwance a bakin wani rafi, inda ta kwanta tun da muka daina korar ta. Ba ta mutu ba. Ta ɗaga kai ta dube mu, ta yi ƙoƙarin tashi, ƙafafun baya suka ƙi. Hankaki sun fara taɓa raunin.

Baba ya durƙusa kusa da ita ya dafa wuyanta.

"Na wahalar da ke," ya ce. "Ba haka nake yi ba. Ki tambayi iyayenki, ba haka nake yi ba."

Ya ƙarasa ta da wuƙa. Ya feƙe ɗan reshe ya kafa a gefen kanta, kamar yadda ake sallamar dabba. Sannan muka fara fiɗa. Cikin ya ɓaci, ƙazantar tumbi ta malale a kan hanta da haƙarƙari, dole muka zubar da su. Ina wanke hannu a rafi na juyo, sai na ga Baba ya zagaye raunin da wuƙa, ya ciro tsoka mai kyau cike da tafi biyu, yana tona ƙanƙara zai binne.

"Baba! Me kake yi?"

Ya tsaya da naman a hannu. Ya daɗe yana kallonsa. Baba ya kakkaɓe tsokar a hankali, ya sa ta cikin rigarsa a ƙirji.

Muka raba kaya muka juyo. Duk tudun da muka koro ta a kai jiya, sai da muka hau shi da nama a baya. Muka wuce makwancinta na farko rana na shirin faɗuwa. Daga nan ana hango hayaƙin ƙauye. Na ga Baba ya kau da kai.

Naman dawa ba ya shiga gida ta ƙofa, ta tagar gabas ake miƙa shi, wadda ke fuskantar wurin addu'a. Baba ya tsaya a bakinta ya yi gyaran murya.

"Sinomat, karɓi baƙuwa."

Hannun da ya fito ba na Yaya ba ne, na Kesno ne. Ta bayanta na hango shimfiɗar jariri da ke rataye a azara, ba kowa a ciki.

"Yaushe?" in ji Baba.

"Yau da hantsi. Jiya har yamma yana ta tsotso, ba abin da ke fita."

Muka zagaya muka shiga. Yaya na zaune gefen murhu, ta haɗa kai da gwiwa. Kawu ya sauke kayansa ya yi ajiyar zuciya.

"Ya koma inda ya fito. Ai dama bai zo da zama ba. Haka abin yake tun kakanni."

Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Ba haka yake ba! Kakanni suna da dafi! An zo an ƙwace shi an bar mu da tsinke, waɗanda suka ƙwace suna can suna cin shinkafa, ku kuma kuna nan kuna jiran doka ta wuce! Tun kaka nake roƙonku lauje ɗaya, lauje ɗaya tak! Barewar nan tun jiya ya kamata ta shiga tukunya!"

"Aripe." Muryar Yaya ce, ba ta ɗago ba. "Ku yi mini shiru. Dukanku."

Kesno ta ɗora tukunya. Baba ya ciro tsokar nan daga ƙirjinsa ya miƙa mata. Da romon ya nuna aka kai wa Yaya, ta ture. Kesno ta ce in ba ta sha ba, gobe mutum biyu za a binne. Ta sha.

Aka kai Ɗan Juji bayan tudu ba tare da suna ba. Naman ya zaga gidaje, kowa ya sami ɗan abin da ya samu. Bayan 'yan kwanaki ina zaune ina gyaran takalmi, Yaya ta sunkuya za ta ƙara itace a wuta, sai ta tsaya cik. Gaban rigarta ya jiƙe, ta kowane ɓangare. Nono ya dawo. Ta rungume ƙirjinta ta juya mana baya, kafaɗunta na rawa.

Baba ya tashi ya fita. Na ji yana ta birkita kaya a rumbu. Da ya dawo ya tsaya a ƙofa da tsohon laujen mahaifiyata a hannu, duk ya yi tsatsa.

"Aripe," ya ce, "faɗin tsinin nawa ka ce?"