Kibiyar Gindin Tsamiya

Tun da aka buɗe sabuwar kwalta ta bakin teku, mota ta daina bi ta ƙofar gidan Inak Sahnim. Mutanen ƙauyen suka yi ta murna wai sun huta da ƙara da hayaƙi. Ita kam ba ta taya su ba. Shekara talatin motocin nan ke yi mata sussuka: ta girbe waken suya, ya bushe, ta baza shi a kan tsohuwar hanya da harawarsa, manyan motoci su bi ta kai, da la'asar ta share ta shiƙe ta ɗure a buhu. Yanzu kuwa sai akuya ke bi ta wurin, ita ma ba sussuka ke kawo ta ba.

Bana ga wake ya yi kyau, ya bushe ƙayau, dami arba'in jibge a rumfa. Amma kafaɗarta ta dama ta ƙi ɗaguwa tun faɗuwar da ta yi a bakin rijiya, balle ta ɗauki sanda ta buga. Maigidan ya rasu, 'ya'yan biyu suna Malesiya wajen saran kwakwar manja. Kwana uku ke nan hadari na leƙowa daga teku yana komawa. Ruwa ɗaya ya isa waken ya yi funfuna, shi ke nan ba irin baɗi, ba na tempe, curin waken da take yi tana kaiwa kasuwa.

Ranar Asabar da yamma sai ga ƙanenta Jumahir a kan keke, da bokitin farar ƙasa rataye a gaba. Shekararsa hamsin da biyu, magatakardan dagaci ne, amma tun da ya shiga ƙungiyar masu hawan tudu da keke ya koma sa wani baƙin wando mai sheƙi, tumbi a gaba, hular kwano a ka.

"Auta, wannan wandon sa shi ka yi ko shafa maka aka yi?"

"Yaya, kayan wasanni ne, ba za ki gane ba." Ya gyara tsayuwa. "Gobe mutum ɗari biyu za su zo daga birnin Mataram, kuma ni na zana musu hanya. Ta gonakin taba, su hau tudu, su gangaro gindin tsamiya, su yi dama sai bakin teku."

"Mutum ɗari biyu. Taya nawa ke nan?"

"Ɗari huɗu mana."

Idonta ya kai kan tayar kekensa, ƙatuwa mai gurzau-gurzau. "Biyo da su ta nan," in ji ta.

"Ta nan? Su ga me, harawa da kashin akuya? Mutanen nan hoto suka zo ɗauka. Ki bari, jibi zan zo in buga miki."

Ta san jibin Jumahir sarai. Na gyaran rufin madafa ma shekara biyu ke nan bai iso ba.

Washegari tana idar da sallar asuba ta hau jan damman nan da hannun hagu, ɗaya bayan ɗaya, ta baje su a hanya. Gari na yin haske ta ɗauki tsintsiya da ragowar farar ƙasar shafen bango, ta taka zuwa gindin tsamiya, jifa biyu daga gidanta. Ga kibiyar Jumahir nan ɓaro-ɓaro a ƙasa ta nuna dama. Ta share ta tas, ta zana tata ta nuna hagu. Da yake aikin hagun ne sai ta fito kamar sawun kaza, amma kibiya ai kibiya ce.

Ita kuwa tsohuwar hanyar nan, in ta wuce ƙofar gidanta sai ta kewaya bayan gonar kwakwa, ta bi gefen fadamar shinkafa, ta hau tudu, ta sake gangarowa gindin tsamiyar. Wanda duk ya bi kibiyar Inak Sahnim, sai dai in gajiya ce ta fitar da shi.

Da hantsi suka ɓullo, kai jama'a, ja da kore da ruwan ɗorawa, kowa ya sunkuyar da kai yana bin tayar na gabansa. Suka kwararo hagu, suka hau kan wake. Ƙas, ƙas, ƙas! Tunda take ba ta taɓa jin kiɗan da ya kai wannan daɗi ba.

"Sannu Inna!"

"Yawwa 'ya'yan albarka, Allah ya kiyaye hanya!"

Har wani ya daka ihu wai wanda ya tsara hanyar nan ya iya, har da cikas ya sa musu.

Suna ɓacewa ta juya harawar da ƙafa, na ƙasa ya dawo sama. Sannan ta shiga ɗaki ta tuɓe shuɗin zane ta ɗaura ja, ta kifa malfa, ta koma ɗaya gefen hanyar ta zauna kamar ba ita ba. Ba a jima ba sai ga su. Mutumin birni ai duk bishiyar kwakwa ɗaya ce a wurinsa. Sai wata mai tabarau ce ta taka birki tana haki.

"Inna, ba ke muka wuce ɗazu ba?"

"Yayata ce, 'yar nan. Mu duk gidanmu kama ɗaya muke. Bi ta tsakiya, gefen akwai ƙaya."

Allah dai ya yafe mata, ko ƙaya ɗaya babu. Mai tabarau ta bi ta tsakiya, na bayanta ma haka.

Da suka wuce ta tsuguna ta damƙi harawar. Kashi biyu ya fashe, kashi ɗaya na nan da bakinsa a rufe. Ta ɗaga kai: hadarin yau ba leƙe ya zo yi ba, ya haɗe baƙi ƙirin a kan teku, iska ta fara kaɗa ganyen kwakwa.

A daidai nan Jumahir ya iso gindin tsamiya yana tura keke. Shi ne wai mai bin baya don kada kowa ya ɓata, tudu kuwa ya kusa raba shi da numfashi. Ya tsaya ya ƙura wa sawun kazar nan ido, ya dubi hanyar hagu, ya ga wake.

"Yaya! Kin kashe ni! Wa zai ƙara ba ni amanar hanya?" Ya sa takalmi ya murje kibiyar yana ta sababi. "Ashe shi ya sa aka sake wuce ni a tudu, ina ta mamakin yawan masu jar riga!"

Ita hankalinta na kan hadari. Wasan ya ƙare, tsoro ya kama ta. Ta jawo sandar gora ta tsaya a kan ragowar waken, ta ɗaga. Hannun ya kai ƙirji ya tsaya cak. Ta cije leɓe ta sake, sandar ta suɓuce ta faɗi. Ta sunkuya ta ɗauka da hagu.

Sababin Jumahir ya yanke.

Sai ga na gaba sun gangaro tudu, suka tarar ba kibiya, suka taru a kansa. "Malam Jumahir, ina muka nufa?"

Ya dubi hadari, ya dubi yayarsa. Ya miƙa hannu.

"Hagu!"

"Haba, ba ta nan muka..."

"Zagaye uku ne! Ba ku karanta takarda ba? Ku bi ta tsakiya, gefen akwai ƙaya!"

Ko kunya babu, da ganin ƙaryar ka san ta gida ce. Taya ɗari huɗu suka sake bi ta kan wake. Da suka kewayo ya nuna musu dama, ya ce su yi gaba yana tafe. Bai bi su ba. Ya jingine keken a tsamiya ya zo ya karɓi tsintsiya, yana shara tana riƙe bakin buhu. Shiƙa sai wata rana. Suna shigar da buhun ƙarshe ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya.

Suka tsaya a madafa suna maida numfashi.

"Yaya, me ya hana ki gaya mini hannun ya kai haka?"

"Na gaya maka, Auta. Ka ce jibi."

Kunya ta rufe shi. Ɗigon ruwa ya faɗo daga rufin ya buga hular kwanon, tas. Wani ya biyo. Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon ɓular.

"Ina tsanin nan?"

"Yana bayan ɗaki. Amma ɗauki zane ka ɗaura tukun, maƙwabta na da yara."