Fitilar Baba a Gindin Bishiya

Zelda ta shigo masana'antar ɗinka kwat da safe, ta tarar da fitilar mahaifinta a gindin bishiyar Kirsimeti. Menora ce, fitilar Yahudawa mai rassa, ta tagulla, reshe ɗaya a karkace tun ranar da mahaifin nata, tsoho Leib, ya cusa ta cikin katifa ya tsallako teku zuwa New York. An ajiye ta tsakanin kwalayen kyauta na bogi, an ɗaura mata jan ƙyalle kamar kyanwar masu kuɗi.

Ba sai ta tambayi wanda ya kawo ta ba. Ƙaninta Feivel ne ya ɗauke fitilar ranar da aka tashi daga zaman makoki, tun daga nan ko gaisuwa ba ta haɗa su. A bene ɗaya suke aiki, shi yana yankan yadi, idonsa na kan kujerar foman, wato shugaban ma'aikata.

"Feivel, me wannan take yi a nan?"

"A'a, Yaya! Ashe kina magana? Na zaci bakin ma tare da Baba muka binne shi."

"Ɗauke ta."

"Maigida Mista Dunleavy ne ya ce bana a yi wa kowa nasa. Kiristoci bishiya, mu fitila. Ina laifi?"

"Waɗanda suka ƙi a narkar da su cikin addinin wasu, su suka fara kunna wannan wuta. Kai kuma ka kawo ta gadin bishiya. Wurinta taga, tana kallon titi."

"To, malama ta hau mumbari. Yaushe rabonki da majami'a?"

"Ba ni ita in kai gida."

"Gidan wa? Ni na yi wa Baba addu'ar mamaci. Ke kofunan shayi aka bar miki, ki je ki kunna su."

Ta koma kan kekenta, ta wuni tana ɗinka hannun riga kamar da shi take faɗa.

A watan Disamba rana ba ta jiran a tashi daga aiki. Tana faɗuwa, mai masana'anta, Mista Dunleavy, ya tara ma'aikata. Motar wani babban kanti tana ƙasa tana jiran kaya, don haka ya ce a yi sauri. Feivel ya gyara hula, ya ja addu'ar daren farko na Hanuka, bikin fitilu na Yahudawa, da ƙarfi, ya kunna fitilar yana satar kallon maigida. Ƙananan kyandirori na gida ba su yi masa ba. Dogaye ya sayo, irin na teburin attajirai, don a gani daga bakin ƙofa.

Dunleavy ya tafa sau biyu. "Madalla. Kowa bakin aiki!"

Zelda ta zauna. Ta dubi wutar, ta dubi allurar, sai ta janye ƙafa daga keken, ta naɗe hannu. A gidansu, muddin wutar Hanuka na ci, mace ba ta taɓa allura. Feivel ya taso yana cin soyayyen dankali a gaban fitilar nan, bai taɓa lura da cewa hannun uwarsu a cinya yake ba.

Tsohuwa Bluma da ke kusa da ita ta gani, ta gyaɗa kai, ta ajiye almakashi. Layin gaba ya tsaya, na baya ya bi. Ma'aikata 'yan Italiya ma da suka ga banza ta faɗi, suka miƙe ƙafa.

"Wa ya mutu?" in ji Dunleavy.

"Ba kowa, yallaɓai," Zelda ta ce. "Al'adarmu ce. Sai wutar ta cinye za mu ɗinka. Tambayi limamin da ya kunna."

"Yau kaɗai?"

"Kwana takwas. Kullum ana ƙara kyandir ɗaya."

Kunnuwan Dunleavy suka yi ja. Ya juya kan Feivel. "Wannan ka kawo mini? Kashe ta!"

Feivel ya sunkuya, ya cika kumatu.

"Hura mana!" Bluma ta daka masa tsawa. "Hura, mu ga ɗan Leib ya kashe wutar Hanuka a gaban mata talatin. Kafin ka isa gida uwar matarka ta ji."

Ya tsaya a sunkuye. Iskar ta fita ta hanci.

"Yaya," ya ce ƙasa-ƙasa, "za ki jawo mini asarar kujerar foman."

"Kai ka kunna."

Ta jawo kujera ta zauna gaban fitilar. Direba ya yi hon har ya gaji, ya tafi da rabin kaya. Da kyandir ya ƙare, Dunleavy ya ce kada ya sake ganin abin nan a masana'antarsa, kuma bai damu da wanda zai ɗauka ba. Feivel bai miƙa hannu ba. Zelda ta kwance jan ƙyallen, ta cusa wa Feivel a aljihun gaba, ta naɗe fitilar a cikin mayafinta, tagullar na da sauran ɗumi.

Kujerar foman wani ɗan Poland aka ba. Washegari da magariba menora tana tagar Zelda a hawa na uku, reshen nan a karkace. Ta soya dankalin mutum ɗaya.