Feshin Yaya

Yayana bai taɓa riƙe fartanya ba, amma in ana zancen noma muryarsa ce take danne ta kowa. A ofis yake aiki, yana buga hatimi a kan takardun da wasu suka rubuta, kuma daga nan ya samo tabbacin cewa babu abin da bai sani ba.

Ni tela ce a da. Da idona ya fara gajiya da zare da allura, sai na roƙi mai facin taya na layinmu ya ara mini filin bayan shagonsa. Juji ne kawai, tsofaffin tayoyi da gwangwanaye, ƙasar ta sha baƙin mai har tana ƙyalli. Wata biyu na yi ina tsince ƙusoshi da fasassun kwalabe. Irin farko da na zuba ko leƙowa bai yi ba. Na biyu ya fito, latas da alayyafo, akuyar maƙwabta ta shigo ta yi musu tas kafin azahar. Na zauna a kan taya na sha kukana, na tashi na kewaye wurin da tsohon kwanon rufi. Na kwashe matacciyar ƙasar, na kawo sabuwa da taki, na ja fangali shida.

A bakin kowane fangali na jera furanni, ja da ruwan ɗorawa da wasu farare ƙanana masu ƙamshi. Da safe kafin in taɓa bokiti sai na tsuguna na ga wanda ya buɗe. Har magana nake yi musu, Mai Faci yana jina ta bayan kwano yana dariya.

Ranar da Yaya ya fara zuwa, hannunsa na cikin aljihu har ya tafi.

"Ke yanzu da hankalinki kika koma kwasar kashin shanu?" Ya nuna furannin da haɓa. "Wannan jan abin, miya ake yi da shi?"

"Kallo ake yi, Yaya."

"Kallo! Talabijin ɗin gida ya mutu ne?"

Bayan mako guda ya dawo da abokinsa da suke kira Injiniya, wanda har yau ba wanda ya ga abin da ya taɓa ƙerawa. Farin takalmi ya sa, ya nemi bulo ya hau don kada laka ta taɓa shi. Daga can sama ya nuna ganyen karas ya ce ciyawa ta yi mini yawa. Ya ce furannin nan ɓarayin taki ne, a fesa musu magani a huta. Yaya sai gyaɗa kai yake kamar ana yi masa wa'azi. Na ce na gode, a gai da gida.

A watan da tumatir ya fara nuna, Umma ta kwanta asibiti, na yi kwana uku a wurinta. Na bar wa Mai Faci ban ruwa. A rana ta biyu Yaya ya zo da famfon feshi na aro da kwalbar maganin ciyawa, ya ce wa bawan Allah ni na aiko shi. A jikin kwalbar an rubuta murfi ɗaya, shi ya zuba huɗu don aiki ya yi kyau. Ga iska tana kaɗawa.

Da aka sallamo Umma na dawo, ban gane wurin ba. Furannin sun sunkuya sun yi ruwan ƙasa, latas ya narke, tumatirin ya yi yaushi da 'ya'yansa a jiki. Albasa ce kaɗai ta tsira, ita ma don tana lungun da ruwa ke kwanciya, Yaya kuwa ba zai ɓata wandonsa ba.

Na tumɓuke tumatir guda na nufi gida da shi. Na same shi a ɗakin Umma, ya miƙe ƙafa yana latsa waya.

"Kin ga aiki ko? Ba sai kin gode ba."

Na ajiye masa a cinya, har da ƙasar saiwar. Ya zabura yana kakkaɓe riga.

"To ai irin ne ba shi da kyau! Injiniya ma ya faɗa."

Umma da ko zama ba ta iya yi sosai ta ɗago kai daga matashi. "Kai, rufe mini baki. Tun kana yaro duk abin da ka ce za ka gyara sai mun jefar. Ranar Asabar ka je ka ɗebo mata ruwa har ta ce ya isa."

Ya zo kuwa, da ƙarfe goma sha ɗaya. Jarka biyu ya ɗauko, ta biyun rabi ce, ya dafe ƙugu ya ce bayansa ya riƙe. Ya samu benci a gaban shago ya zauna yana koya wa Mai Faci yadda ake facin taya.

Ban ko kalle shi ba. Na sake juye ƙasar fangali biyar, na bar ta ta sha ruwa ta huta, na zuba sabon iri a cikin tayoyi. Na sa wa ƙofar kwanon kwaɗo, mabuɗi ɗaya a wuyana, ɗaya a wurin Mai Faci. A mako na uku tsiro ya fito, kore shar, na tsuguna a gabansa har ƙafata ta yi sanyi.

Kwanan baya matar Yaya take gaya mini wai yanzu manoma uku ne a ofishinsu suke neman shawararsa. Na ce Allah ya ba su haƙuri.