Tafintan Dogo

Tun ranar da motar auduga ta kife a hanyar Malumfashi, Dogo ɗan doka bai sake zama daidai ba. Shi ya zaƙulo gawarwakin mutanen da ke ciki da hannunsa. Ko ham ɗin mota ya ji, sai jikinsa ya ɗauki ɓari. Ga shi kuma yana neman auren Hajjo, wata bazawara a Bakori, magana har ta kai ga manya.

Sajensu ya tura shi wurin likitan Turawa da ke zuwa Funtua. Likitan ko sannu bai iya ba, dole sai da tafinta. Dogo ya ce a kira masa Aƙilu malamin asibiti, wanda aka yi musu kaciya tare. Wa zai riƙe masa asiri ya fi shi?

"Likita ya ce duk abin da ka faɗa, a ɗakin nan zai tsaya," in ji Aƙilu.

Dogo kuwa ya zazzage cikinsa kaf: mafarkan, da fuskokin matattun da yake gani a cikin jama'a. Ƙato guda kamarsa, sai ga shi yana kuka wiwi. Likita ya ce wannan ba hauka ba ne, firgita ce, hutu zai warkar da shi.

To, a ƙasar nan ba a ba da mace sai an yi bincike. Malam Rabe, kawun Hajjo, ya zo Funtua ya tambayi Aƙilu, aminin Dogo. Ba a jima ba aka maido wa Dogo kayan da ya kai na neman aure.

Ya tarar da Aƙilu a bakin asibiti. "Kai ka faɗa?"

"Dattijo ya haɗa ni da Allah, Dogo. Maganar aure ce, in ɓoye?"

"Da bakinka ka ce a ɗakin zai tsaya."

"Ai likita ne ya yi alkawari. Ni fassarawa kawai na yi."

Dogo ya juya ya tafi.

Ran kasuwar Bakori aka tura shi aiki. Ya hangi Hajjo wajen masu daddawa, ya matsa ya gaishe ta, yana fatan ko faɗa ta yi masa. Sai ta ja da baya, ta sassauta murya kamar mai lallashin yaro.

"Sannu, bawan Allah," ta ce. "Allah ya ba ka lafiya."